Dabbar da Na Ƙaryata

Da fatu na fara kasuwanci, kafin in koma sayar da kayan da: tsofaffin tasoshi, takubba, agogon bango, duk abin da magada suka gaji da ajiyewa. Zaman da na yi cikin majema ya bar mini ɗabi'a guda. In maharbi ya kawo fatar da ban taɓa gani ba, sai in juya ta in nemi ɗinki. Na sha kama masu haɗa kan wata dabba da jikin wata.

Wani tsohon ticha, mutumin Filato da ya daɗe a unguwar Minanata, zai koma gida, ya sayar mini da kayan falonsa. A ciki akwai hotuna huɗu cikin gilas, zanen baƙar tawada siriri, takardar ta yi ja don tsufa. Zaki, barewa, jimina, sai wata aba mai bakin agwagwa, jikin gafiya, da wutsiya mai faɗi kamar takalmi.

Na rataye su a shagona na Ƙofar Marke. Ina da wani malami, babban abokin ciniki, wanda ba ya duba kaya, maganata kawai yake saye. Ya tsaya gaban na huɗun.

"Alhaji, wagga fa?"

"Allah gafarta Malam, ɗauki ukun ka bar ta. Haɗi ne. An ɗinka wa gafiya bakin agwagwa, Bature ya zo ya zana. Su ma ana yi musu wayo."

Malam ya yi dariya ya kwashi ukun. Kafin mako labari ya zaga zaurensa, wai na kama Turawa da ƙarya. Ni kuwa har tafiyata ta canza.

Da ticha ya zo sallama, ya tarar na juya hoton yana kallon bango. Na gaya masa dalili. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ciro waya ya nuna mini bidiyo. Ga abar nan da ranta, tana iyo a wani rafi na Ostareliya.

"Ƙwai take yi, kuma ta shayar da 'ya'yanta," in ji shi. "Kada ka damu, Alhaji. Da aka fara kai fatarta Ingila, masanan can ma almakashi suka sa suna neman ɗinki. Jirgi ɗaya ya kwaso ku."

Wannan bai sanyaya mini rai ba. Ticha gobe zai bar gari, in na yi shiru ba mai tona ni. Amma Malam yana ta maimaita maganata gaban mutane, ranar da wani ya ƙaryata shi, ni na jawo masa.

Bayan la'asar na ɗauki hoton na nufi zauren Malam, na tarar da shi cike da jama'a. Na ce, "Malam, na yi wa halittar Allah ƙazafi." Aka nemo ta a waya, aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu, ana salati.

Wani dattijo ya ce, "Kai da kake gano ɗinki, yau wa ya ɗinke maka ido?"

Malam ya bari aka gama dariya. Ya karɓi hoton ya jingine kusa da buzunsa, sannan ya sa aka fito da wata tsohuwar gafaka, jakar fata ta littattafai, da aka kawo masa talla.

"Duba min wagga," ya ce. "Amma ka duba a hankali."