Man Kaɗen Safar Kawu

Mun bar Jos tun gari bai waye ba, ni da maƙwabcinmu da ya ɗauko ni zuwa Abuja, da gwangwanin man kaɗe da Mama ta naɗe cikin zani kamar jinjiri. Ramukan hanyar Akwanga suna nan inda na bar su, sun ma yi 'ya'ya. A Keffi muka sha koko da ƙosai, ƙosan da in ka yi atishawa sai ya tashi sama.

Man ba nawa ba ne, na Kawu ne, yayan Mama. Yana yaro ya koyi besbol a wurin malaman mishan, wasan da wani zai jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki, su Kawu kuma suna can ƙarshen fili suna jiran su cafke ta kafin ta taɓa ƙasa. Wannan cafkar ce ta kai shi Amurka, ya yi shekaru ana biyansa albashi a kanta. Bai kai babban rukuni ba, amma ya ci kofuna, jaridun can sun buga hotonsa yana tsalle jikin katanga, an kuma san shi da hannun da ke jefo ƙwallo daga ƙarshen fili ba ta karkace ba. Da gwiwa ta gaji ya koma London tuƙin bas. Duk shekara yakan kira Mama ya ce a aiko man kaɗe, don da shi kaɗai yake shafe safar hannunsa ta fata. Bara bai kira ba, bana ma shiru. Shi ya sa Mama ta ce in je in gan shi, in kuma dawo da kofunan nan gida, jikoki su san ba tatsuniya muke ba su ba.

Na sauka London da safe, ana yayyafin da ba ya jiƙa mutum kuma ba ya barinsa ya bushe. 'Yar Kawu ce ta tarbe ni. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, haka muka yi ta yi har Edmonton kamar masu musayar kaya. Unguwar cike take da shagunan Turkawa da na mutanenmu. Ta saya mini gurasa da naman da suke yankowa daga jikin ƙarfe, da daɗi, sai dai babu ƙuli babu yaji, kuɗinsa kuwa zai ciyar da gidanmu kwana biyu.

A bakin wani dogon bene ta tsaya ta nuna mini taga. Ta ce nan ne ɗakin da Kawu yake haya, amma tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi aka kai shi gidan kula da tsofaffi, hukumar unguwa ta karɓi ɗakin. An ba ta 'yan kwanaki ta kwashe kaya, ga aiki ga yara, ɗakinta ko wurin ajiye tsintsiya babu. Kofunan ta kai shagon gwanjon sadaka. Jaridun da hotunan kuwa, ruwa ya riga ya cinye su a cikin kwali. Na buɗe baki zan yi faɗa, na ga idonta ya kawo ruwa, na haɗiye. Mu da muke gida muna tunƙaho da shi, wa ya taɓa tambayar wanda ke yi masa wanka?

Mun je shagon. Matar da ke wurin ta yi ta ba da haƙuri, ta ce ta tuna wasu kofuna, an daɗe da saye. Ban san ko fure ake zubawa a ciki yanzu ba.

Washegari muka kama hanyar Dagenham, inda gidan tsofaffin yake, jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya. Kowa a jirgin ya sunkuyar da kai ga wayarsa, na gaida na kusa da ni, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu. Dagenham kuwa sai ka rantse wata unguwa ce a Legas da aka saka cikin firji, ga shagon doya, ga coci a saman kowane kanti.

Na sami Kawu a kan keken guragu a bakin taga, ya ɗaga kai yana kallon sama. Mai kula da shi, wata 'yar Kafanchan, ta ce haka yake wuni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya tambaye ni ko daga asibiti nake. Na ambaci sunan Mama, bai motsa ba.

Safar tana cikin durowa tare da wata tsohuwar ƙwallonsa, ta bushe ta ƙandare kamar ganda. Na buɗe gwangwanin. Ƙanshin na tashi ya juyo, ya lakato man da hannunsa mai lafiya, ya shiga murza shi a tafin safar, yatsa bayan yatsa, ba wanda ya nuna masa. Sai zuciyata ta ruɗe ni, na ce ai Kawu yana nan. Muka tura shi lambun bayan gidan, na zura masa safar a hannun hagu, na ja baya da ƙwallon. Tun muna yara, in ya zo gida hutu, ya koya mana cewa mai tsaron ƙarshen fili ba ya kama ƙwallo a shiru, sai ya yi kira don kada ya yi karo da ɗan'uwansa. Na jefa a hankali, sama.

"Tawa ce," in ji Kawu, da muryarsa ta da.

Idonsa ya bi ta daidai, amma hannun bai tashi daga cinyarsa ba. Ƙwallon ta faɗi a ciyawa kusa da tayar keken. Ya daɗe yana kallonta. Ni kuwa na yi nadamar jifan nan fiye da duk abin da na taɓa yi da hannuna. Can ya zare safar ya miƙo mini.

"Malam, ka ba wanda zai kama."

Na dawo ta hanyar da na bi, ban ga komai a kanta ba. A jirgi na yi ta lissafin wanda zan ba, ban samu ko mutum ɗaya ba, don filin da Kawu ya koyi wasan shaguna ne yanzu, yaranmu kuma ko sunan wasan ba su sani ba. Abin da tafiyar ta koya mini bai da daɗin ji: in ba a tambayi mutum labarinsa yana iya faɗa ba, ranar da aka zo nema sai a tarar da shi zaune, labarin ya riga shi tafiya.

Mama ta tare ni a zaure tana leƙen jakata. Na ba ta safar. Ba ta tambayi kofunan ba, cewa ta yi, "Ya tuna da ni?" Na ce ya gane man kaɗenta. Ta shinshina fatar, ta shige ɗaki, ta rufe ƙofa.