Matar da Noti Ya Wanke

A garejin kamfanin mota kowa ya ɗaure fuska, don an kira mu ne a canza notin taya da aka gano yana kwancewa da kansa. Mace ɗaya ce bakinta ya ƙi rufuwa. Gajeriya ce mai kumatu, tabarau ya zamo mata har kan hanci. Ta kasa zama, tana leƙen hannun makaniki kamar mai jiran haihuwa.

"Ɗana, sake faɗa mini. Laifin noti ne, ko?"

"Na noti ne, Mama."

"Ba tuƙina ba?"

"Ko kaɗan."

Sai ta saki shewa har da tafi. Ina jin ta sha gori a gida: tana cewa taya na girgiza in ta ɗauko jikoki daga makaranta, maigidanta na cewa hannunta ne ke rawa.

Makaniki zai jefar da tsohon notin, ta yi wuf ta cafke, ta ƙulle a hankici da baƙin mansa.

"Maigida zan kai wa," in ji ta. "Yau a farantin abincinsa zai tsince shi."