Lamba Ɗaya a Gaban Sunan Kowa

Shekara ashirin da shida Magatakarda ya yi a ɗakin da ke ƙarƙashin matattakala, shi da littafin sunayen ma'aikatan masaƙa. Sunan kowa, sashensa da lambar wayarsa suna ciki. In kana neman wani, sai ka tsaya a taga ya gama yankan farce tukuna. Darajarsa ke nan a duniya, Allah Ya sani bai da wata.

Da aka kawo kwamfuta, aka ce ya kwafe littafin cikin wani shafi na intanet, kowa ya rubuta suna ya ga lamba daga kujerarsa. Mutumin ya rame. Wa zai sake gaishe shi? Sati uku yana dannawa da yatsa ɗaya. Sunaye duk ya sa su daidai, amma a gurbin lambar kowa tasa ya rubuta, don a ci gaba da bi ta hannunsa.

Ranar da aka buɗe shafin, Manaja ya kira shi ofis don ya yaba masa. Ya nemo direba a shafin, ya buga. Aljihun Magatakarda ya ɗauki ƙara.

"Ɗauka mana," in ji Manaja.

"Ranka ya daɗe, matata ce."

Manaja ya nemo mai gadi, ya buga. Aljihu ya sake kuka.

"Matar taka ta damu da kai yau."

Bai kore shi ba. Ya ce kafin a tashi aiki ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya karɓo lambobin daga bakinsu, tunda rabin lambobin littafin sun daina aiki. In ya rage mutum ɗaya, kada ya zo gobe.

Haka ya yi ta hawa da sauka, yana zufa, yana ce wa masu ɗaukar kaya "yallaɓai". La'asar ta yi, saura mutum ɗaya: dattijuwar da ke share ɗakinsa kullum. Ya same ta tana naɗe sallaya.

"Ke... Baba, lambarki."

"Ta wa za ka rubuta?"

Ya duba takardar sunayen, suna ɗari uku har da na waɗanda suka bar aiki tuntuni, bai san wanne ne nata ba.

Ta sa takalmanta a natse.

"Ka tuna a hankali, ɗana. Ina bakin famfo."