Malam Tsoho da Bangon Ƙyallaye

Da hantsi, idan rana ta fara dukan kwanon asibitin, za ka ga wani dattijo siriri da buta a hannu ya bi ta bayan ɗakin haihuwa, ya wuce janareto, ya nufi wani ɗaki da ke can ƙurya shi kaɗai ƙarƙashin darbejiya. Yakan tsaya bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Sai ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya sa mabuɗi. Babu mai rai a ciki. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka yake yi, ko ɗakin da kowa, ko ba kowa.

Malam Tsoho ke nan, mutumin Dauran, mai kula da ɗakin ajiye gawa a wani asibitin gwamnati da ke nan ƙasarmu, inda marasa lafiya ke zuwa daga Kaura da Shinkafi da Zurmi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na san ba wanda zai kafa rumfa ya yanka rago dominsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tsoho kuwa tun yana goye ake kiransa haka, don sunan kakansa ya ci. Yanzu dai shekaru sun cim ma sunan.

Mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi, ba mu kyauta masa ba. Mai ƙosai a bakin ƙofar asibiti ba ta miƙa masa a hannu, kan benci take ajiyewa. Masu keke napep idan sun hango shi sai su ga hanya ta yi musu faɗi, su wuce. A masallaci ma, wanda ya tsaya kusa da shi a sahu sai ka ga yana ɗan janye kafaɗa. Masu gadi suna ta ba da labarin ɗakin nasa: wai ƙuda ba ya shiga ko a lokacin mangwaro, wai ƙadangare ba ya hawa bangon, wai ko an kwana uku ba wuta sanyin ciki ba ya raguwa. Ni ba mai yarda da surutun masu gadi ba ne. Amma na shiga da tsakar rana cikin bazara, gumi na tsiyaya a jikina, kuma wallahi sanyi ya kama ni a ƙeya, sai da na waiwaya.

A da aikin ba shi da yawa, don mutanenmu ba sa barin mamaci ya kwana. Sai daji ya ɓaci. Aka fara kawo mutanen da ba wanda ya san su, waɗanda direbobi ko 'yan sa-kai suka tsinta a gefen hanya ko cikin gona. Hukuma ta ba da izini, Malam Tsoho ya wanke su, ya suturta, ya nemo wanda ya samu a yi musu salla, a kai su wani gefe na maƙabarta kafin rana ta faɗi. Bayan wata biyar ko shekara, sai wani ya zo yana tambaya ko an ga ɗan'uwansa, dogo, baƙi, mai tsage a kunci. To, dogaye baƙaƙe nawa ne a ƙasar nan? Abin ya riƙa cin Malam Tsoho a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Sai ya fito da wata dabara tasa. Idan ya cire wa mamaci riga kafin wanka, yakan bi ta da yatsa har ya sami inda aka taɓa ɗinke ta da hannu, ko faci, ko bakin aljihu da aka kama da allura. Wurin yake yankewa, kamar faɗin tafin hannu. Ya ce fuska takan canza, tsayi yakan ruɗi mutum, amma wadda ta zauna ta yi ɗinki za ta gane hannunta. Sai ya wanke ƙyallen, ya kafa ƙusa a bangon ɗan ɗakin gaba, ya rataye shi. Kuma ba barkatai yake kafawa ba. Kowane layin ƙusoshi layin kabari ne a maƙabarta, daga gabas zuwa yamma, ƙusa ta huɗu kabari na huɗu. Bai iya boko ba, bai taɓa rubuta komai ba. Bangon nan shi ne iliminsa duka, kuma bara ƙyallayen sun kai ɗari da sittin da uku.

A barar ne hukumar asibitoci ta turo sabuwar shugaba, Dakta Nadiya. Kada kowa ya zage ta a gabana. Ta tarar da famfo a bushe, ta gyara rijiyar burtsatse. Ta tarar ma'aikata suna zuwa lokacin da suka ga dama, ta riƙa riga kowa zuwa har kunya ta gyara su. Ita ta yi ta zarya har aka kawo sola, don firjin jini ya daina mutuwa, jarirai kuma su sami oksijin. Batiran sola suna son wuri mai sanyi. Injiniya ya zagaya asibitin kaf, ya dawo ya ce babu inda ya kai ɗakin gaba na Malam Tsoho. A takarda an rubuta ɗakin ajiya ne wanda ba kowa. Likita ta leƙa daga bakin ƙofa, ta ga tsummoki rataye a ƙusa, ta ɗauka na goge-goge ne. Ta sa hannu.

Ranar da leburori suka zo, Malam Tsoho yana maƙabarta wurin binne wani. Suka kwashe ƙyallayen duka suka cusa a buhu, suka zare ƙusoshi, suka shafe bangon da farar ƙasa. Da azahar ya dawo. Ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya saurara, ya shiga. Alhassan mai gadi ya ce tunda yake bai taɓa ganin dattijon nan ya zauna a ƙasa ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon farin bango. Mutum ɗari da sittin da uku sun ɓata karo na biyu, kuma wannan karon a hannunsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki buhun ya rungume, ya nufi ofishin shugaba, inda bai taɓa takawa ba a shekara talatin. Ya tsaya daga bakin ƙofa don ya san ba a son shigarsa.

"Likita," ya ce, "kin tashe min mutane."

Ya bayyana mata abin da ke cikin buhun da abin da layukan ƙusa suke nufi. Waɗanda ke wurin sun ce ta rasa inda za ta sa ido. Ba ta ce laifin injiniya ba ne, ba ta ce laifin takarda ba ne. Ta ce ita ta sa hannu, ta roƙe shi gafara a gaban ma'aikatanta, ta tambaye shi ko akwai abin da za a iya yi. Ya ce a ba shi tabarmi da wuri mai faɗi, zai gwada. Babu wuri mai faɗi da inuwa sai farfajiyar da marasa lafiya ke jiran ganin likita. Nan aka shimfiɗa.

Ya zazzage buhun. Ya riƙa ɗaukar ƙyalle ɗaya, ya murza shi tsakanin yatsu, ya rufe ido, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai gabatar da baƙo: wannan da damina aka kawo shi da laka a ƙafa, layi na biyu, na huɗu daga gabas, wannan su uku ne rana ɗaya daga hanyar Shinkafi, shi ne ƙaraminsu. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Likita ta sa Mus'ab mai kula da fayil ya ɗauko tsofaffin takardu yana duba ranaku. Talatin na farko duka suka zo daidai. Daga nan ta ce a rufe fayil ɗin.

Farfajiyar nan da kullum take kamar kasuwa ta yi tsit. Ba iska, ba kukan yaro, sai muryar dattijo da ƙamshin kafur da ke tashi daga ƙyallaye. Layi ya bi layi a kan tabarmi, har mutane suka ga abin da ke gabansu: maƙabarta ce ƙarama aka shimfiɗa a tsakiyar asibiti. Wani dattijo da ya zo wucewa ya tsaya, ya cire takalmi, ya yi irin sallamar da ake yi wa mutanen kabari. Ba wanda ya yi dariya.

Cikin matan da ke jira akwai Rahina, daga Kasuwar Daji, ta kawo 'yarta mai zazzaɓi. Mijinta Muhtari ɗan kabu-kabu ne, ya ɗauki fasinja zuwa Dauran shekara uku da suka wuce, ba a sake ganinsa ba, ba a ga babur ba. Danginsa suka rabu biyu, wasu sun ce yana hannun mutanen daji, wasu sun ce ya rasu. Alƙali ya ce ta jira. Ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba, ko addu'a ba ta san wadda za ta yi masa ba. Ta ji labarin ƙyallayen, sau biyu tana zuwa asibitin nan, sau biyu tana kaiwa gindin darbejiya ƙafarta ta ƙi gaba. Ranar nan kuwa ƙyallayen ne suka fito suka same ta.

Ta tashi a hankali, ta bi gefen tabarmi, ta durƙusa gaban layi na biyar. Shuɗin yadi ne, da ɗinkin koren zare a wurin kafaɗa.

"Ni na ɗinke wanga," ta ce. "Shuɗin zare ya ƙare mini, na sa kore. Ya yi ta yi mini tsiya."

Malam Tsoho ya dube ta. Ya gaya mata ranar Talata aka kawo shi, kuma shi ya wanke shi da hannunsa. Abu ɗaya ta tambaya, ko an yi masa salla.

"Mu goma sha ɗaya munka yi mai salla, ɗiyata. Na san inda shike kwance."

Sai a lokacin ta yi kuka. Washegari ya kai 'yan'uwan Muhtari bakin kabarin, alƙali ya tabbatar da rasuwar. Malamai suka ce iddarta ta daɗe da cika, ashe ta gama takaba ba ta sani ba. Duk da haka ta zauna ɗaka kwana bakwai ana zuwa mata gaisuwa, don ta ji an ce Allah ya jiƙansa.

Batiran suna nan a ɗakin, don jarirai ba su yi laifin komai ba, kuma Malam Tsoho da kansa ya ce a bar su. Amma Dakta Nadiya ta fahimci abin da ya faru: shekara da shekaru amsar mutane tana rataye a inda tsoro ya hana su zuwa. Ta sa aka yi allo mai gilashi a farfajiya, aka kafa ƙusoshi layi-layi yadda ya tsara. Ta aika wa masu unguwanni da limamai su sanar. Ta ware ma'aikaci, Zaharaddeen, ya koyi aikin, ya riƙa ɗaukar hoton kowane ƙyalle. Daga bara zuwa yau an zare ƙusa goma sha tara, kowace da gidan da ya sami natsuwa.

Malam Tsoho, kai ne wanda ya taɓa waɗanda muka kasa kallo. Kai ne ɗan'uwan wanda bai da kowa a ranar da ya fi bukatar wani. Mun guji hannunka, alhali hannun nan ne ya wanke mana 'yan'uwa. Muna jin kunya, kuma mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka masu yi maka irin abin da ka yi wa bayinsa. Ku kuma masu riƙe da asibitocinmu, kafin ku sa hannu kan wani ɗaki, ku kira mai mabuɗinsa ku tambaye shi. Matasa ma'aikata, aikin da ba a tafa wa hannu ma aiki ne, ku riƙe shi yadda dattijon nan ya riƙe nasa.

Akwai abin da na bari sai yanzu. A ranar tabarmin, da buhu ya ƙare wajen la'asar, an ga Malam Tsoho ya bar gurbi ɗaya a ƙarshen layin ƙarshe. Likita ta tsorata, ta zaci ɗaya ya ɓata, ta ce a sake kakkaɓe buhun. Ya ce ba sai an kakkaɓe ba. Ɗansa Armiya'u ya tafi gona a Dauran shekara biyar da suka wuce, da rigar da uwarsa Zulai ta kama wa aljihu da baƙin zare, bai dawo ba. Duk wanda aka kawo, aljihu Malam Tsoho yake fara dubawa.

"Wurin Armiya'u na," ya ce. "Bai zo ba tukuna."

A sabon allon akwai ƙusa ɗaya da ba a rataya mata komai ba. Da Zaharaddeen ya tambayi Malam Tsoho wasiyyar aiki, abu biyu kawai ya ce: kada ya shiga ɗakin ba sallama, kuma kada ya zare waccan ƙusar. Idan kun haɗu da dattijon nan a hanya, don Allah ku miƙa masa hannu.