Murar da ta sama wa Lindsay aiki

Lindsay Treloar, ɗan kawunmu na Port Pirie, shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kan babur, kuma a duk tsawon shekarun nan ba karen da ya taɓa jin tsoronsa. Ƙato ne, sai ya karkata yake shiga ƙofa, amma muryarsa siririya ce kamar ta sauro mai jin kunya. In ya ɗauki waya, masu talla kan ce, "Baiwar Allah, maigidan yana nan?" Shi kuwa sai ya ce ba ya nan, ya ajiye.

Yana da shekara hamsin da huɗu ya ga sanarwa a ɗakin karatu na gari: wata mata a Adelaide, Thea, tana neman muryoyi don wasan kwaikwayo na sauraro, labarin jiragen da ke yawo tsakanin taurari. Makon nan mura ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya yi magana tagogi su girgiza. Ya shige kabad ɗin tufafin matarsa Raelene da makirfo, don riguna na shanye amsa-kuwwa, ya karanta layi shida ya aika. Bayan kwana biyu Thea ta ba shi matsayin Kwamanda Urrak, azzalumin da ke mulkin wata duniyar ƙanƙara, wanda ba ya magana sai ta cikin hular ƙarfe.

Bayan mako guda mura ta warke, muryar Urrak ta tafi tare da ita.

Lindsay bai gaya wa Thea ba. Raelene ce ta ja shi kallon ƙwallo ran Asabar don ya daina zaman jugum. Bai san dokar wasan ba, amma da ya ga kowa na zagin alƙalin wasa sai ya shiga sahu, ya yi ta zunduma ihu har aka tashi. Washegari ya ce mata ina kwana, ta yar da cokali. Urrak ya dawo.

Haka aikin ya zauna shekara uku. Asabar ihu, Lahadi da safe kabad. Duk ƙungiyar da ta buga zaginta yake yi, har tasu. An ce wani alƙalin wasa ya bar garin saboda shi, ko da yake wasu sun ce aure ya yi. In an tashi ba ya shan ruwa, ba ya shan zuma, ba ya yi wa kowa magana, kada muryar ta gyaru kafin safiya. Masu sauraro daga ƙasashen da bai san inda suke ba suna rubutowa cewa Urrak na hana su cin abinci.

Sai Thea ta ɗage kashin ƙarshe, inda Urrak zai mutu, zuwa Janairu. Tsakiyar zafi ke nan a ƙasarsu, an rufe ƙwallo tun Satumba. Ta kuma faɗa a sarari cewa rana ɗaya ce, duk wanda bai shirya ba akwai mai maye gurbinsa a Adelaide.

Lindsay bai damu da a san sunansa ba. Abu ɗaya yake so: shi ya kashe Urrak da bakinsa, kada a ba wani.

Ya gwada ihu cikin matashin kai, ya gwada a mota a hanyar Port Augusta, amma in ba taro kunya ce ke shaƙe shi, ihun ya fito kamar hamma. Ya je kallon kurket, wasan da ake kallo a natse, ya buɗe baki sau ɗaya, wata tsohuwa ta miƙa masa biskit ta ce ya zauna. Ya yi wuni uku a ɗakin jiran likita kusa da duk mai tari. Ya tsaya gaban firjin kanti da gajeren wando har ma'aikata suka fara gaishe shi da suna. Ko atishawa bai samu ba.

"Tsoho, ka faɗa mata gaskiya mana," in ji Raelene. "Shekara uku rigunana na warin guminka, ni ma a sallame ni."

Ran Lahadin ya shiga kabad da lafiyarsa ƙalau, abin tausayi. Thea na kan waya daga Adelaide tana ba da umarni. Ya gaishe ta da muryarsa ta haihuwa, ta ce a ba ta Lindsay. Ya ce shi ne. Nan ya zayyana mata komai, tun daga mura har zuwa firjin kanti.

Thea ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce ita ba ta son ƙarya, kuma da ya faɗa tun farko da ta sa wasan a lokacin sanyi da ake ƙwallo ta huta. Tana iya kiran mutumin nan na Adelaide yanzu.

"Ki bar ni in karanta sau ɗaya," ya ce. "In bai yi ba, ni zan ba ki lambarsa."

"Ai ba ka da lambarsa."

"Zan nemo."

Ya karanta. A wurin, jirgin Urrak ya fashe, iska na ƙare masa, yana kiran sunayen sojojinsa ba mai amsawa. Siririyar muryar nan ta yi ta kira, suna bayan suna, tsakanin rigunan Raelene. Ya ji Thea na juya takarda. Ta ce ya dakata, za ta ƙara layi ɗaya kafin nan: hular ƙarfen ta tsage ta faɗi. Shekara uku mutane ta cikin hular suke jin sa, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashi.

"Sake, a hankali," ta ce. "Kuma kada ka yi ƙoƙarin zama namiji."

Sau huɗu suka ɗauka, ta zaɓi na farko.

Da kashin ƙarshen ya fito, wasiƙu sun zo da yawa. Rabinsu sun ce sun yi kuka. Sauran suna tambayar sunan matar da ta yi Urrak a ƙarshe. Raelene ta buga guda ta manna a ƙofar firji, tana nan har yau.

Lindsay na zuwa ƙwallo har yanzu duk Asabar. Yana zama a baya da burodinsa da tsiran nama, bakinsa a rufe. Ya fara gane dokar wasan, kuma ya ce alƙalan nan yawanci suna da gaskiya.