Ranar da Atishawa Ta Ci Gasar Muhawara

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban jama'ar Diffa na ba atishawa nasara ba. Lokacin ina koyarwa a lise, wato babbar sakandare, ana ce mani Mushe Isufu kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, ana shanyar tattasai, aka sa ni shugaban alƙalai a zagayen ƙarshe na gasar muhawarar makarantu. Makarantar da ta ci ita za ta tafi Yamai. An ce a yi da Hausa, don ita ce kowa ke ji.

Ku sababbin alƙalai, ku riƙe tsarin. Masu goyon baya su ke kawo matsala da shirin magance ta, masu adawa su nuna ɓarnar shirin, a yi tambayoyi, kowane ɓangare ya rufe. Alƙali yana ajiye saninsa a bakin ƙofa tare da takalminsa. Abin da aka faɗa a zauren kaɗai yake aunawa, kuma hujjar da ba a musa ba an yarda da ita ke nan.

Batun ranar shi ne a kafa masana'antar niƙa tattasai a cikin garin Diffa, a daina tsallaka da shi Najeriya a buhu. Falmata, Babarbariya daga Shetimari, ita ke jagorantar masu goyon baya. Buba, wani Bafillace siriri, shi ke jan adawa. Ni kuwa ina da 'yar gonar tattasai a bakin kogin Komadugu, zuciyata tana wajen Falmata tun kafin ta buɗe baki. Alƙalan da ke gefena Malam Mustafa ne, Babarbare, da Malam Hammadu, Bafillace. Kun dai san Fulani da Barebari abokan wasa ne. Tun ba a fara ba Mustafa ke cewa a kawo wa bawansa Hammadu tabarma, kujera ba tasa ba ce.

Falmata ta yi magana kamar ministar noma. Buba ya ce babu wutar da za ta juya inji, ta amsa masa da hasken rana. Ya ce wa zai sayi garin tattasan, ta lissafa masa kasuwanni har Damagaram. Yaron ya rasa abin kamawa, sai ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, in aka niƙa tattasan Komadugu duka a tsakiyar gari, atishawa za ta kama Diffa ba dare ba rana. Liman ba zai kai ƙarshen Fatiha ba. Ɗalibi ba zai ji darasi ba. Shanu su tsere daji, nono ya ɓace, kowa ya sha fura da ruwa."

Zauren ya kwashe da dariya. Amsar kuwa ba ta fi jimla ɗaya ba: a kafa injin bayan gari, a killace shi. Ina ta faɗarta a zuciyata, har leɓena na motsi. Amma a nan ba a amsa wasan taubashi da hujja. Wanda ya ɗaure fuska ya kawo bayani shi ya ji kunya, sai a ce ya ji haushi. Falmata ta rama yadda aka rene ta.

"Bafillacen da ko yaji a miya bai iya ci ba, shi zai koya mana tattasai? Shanunku dai ko zakara ya yi cara gudu suke!"

Aka yi tafi har da guɗa. Malam Mustafa ya miƙe yana buga tebur, sai da na ja masa riga. Da Buba ya zo rufewa, cikin sanyin murya ya ce, "Alƙalai, ta zagi shanunmu, mun gode. Atishawar dai ba ta musa ba."

Muka keɓe. Mustafa ya ba Falmata ƙuri'arsa, Hammadu ya ba Buba, kowa bai ko yi kamar yana tunani ba. Ya rage ni.

"Mushe Isufu, kai ma ka san shirme ne," in ji Mustafa.

"Na sani. Wa ya faɗa a zauren?"

"Kowa ya yi dariya ai."

"Dariya ba ta cikin abin da aka ce in auna."

Wallahi raina ya ɓaci. A hannu ɗaya ribar manoma, ciki har da ni, a ɗaya hannun kuma gari guda yana atishawa har abada, kuma ba wanda ya ce ƙarya ne. Na fito na sanar Buba zai tafi Yamai. Wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi ko ni ma Bafillace ne.

A bakin ƙofa Falmata ta tare ni, idonta ya yi ja.

"Mushe, tsakaninka da Allah, ka yarda garin nan zai yi ta atishawa?"

"Ban yarda ba, 'yata."

"To don me?"

"Don ni ba na cikin muhawarar. Ke ce a ciki."

Sai ta ce, "Da na ce masa a kai injin rugarsu." Na ce da ta faɗi haka, da ta yi wasan, ta kuma amsa hujjar, da yanzu tana haɗa kayan Yamai.

Abin da ranar ta koya mani ke nan. Mutanenmu sun fi tsoron a ce ba su san wasa ba da a ce sun faɗi gasa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ran da kuka hau kujerar alƙali, za ku ga yaro yana da gaskiya ya bar ta a aljihu. Kada ku sa hannu ku ciro masa.