Farar da Na Kai wa Kawu Kusada

Kankiya

Ana idar da sallar asuba na fito rungume da kwando. Kawu Sale ne ya aiko cewa fara ta sauka a gonarsa ta Kusada, gero kuma ya fara ido. Abokina malamin gona ya ba ni fara mai rai cike da kwando, wadda aka sa wa wata ƙwayar cuta da ke kama fara kaɗai. In an sake ta a gona ta mutu, 'yan'uwanta su ci gawar, su ma su kamu. Ni dai ban taɓa jin an kai wa mai kuka da fara ƙarin fara ba, amma na karɓa.

Kafinsoli

Motar ta tsaya ɗaukar awaki. Direba ya leƙa kwandon, ya haɗiyi yawu, ya ce a sammasa ko cikin hannu ne. Na ce marar lafiya ce. Ya ce shi ma ba lafiyar gare shi ba. Haka na ƙanƙame kayana har muka isa.

Kusada

A nan aka yi ta. Baƙo ba ya zama da kaya a hannu, don haka ina sallama Gwaggo Hajo, matar Kawu, ta karɓi kwandon tana sa mani albarka. Muka baje a zaure, gaisuwa ta yi tsawo, aka kawo fura. Ina cikin yi wa Kawu bayanin ƙwayar cutar sai ƙamshin mai da yaji ya iso, Gwaggo na biye da faranti.

"Ɗan nan ka iya tsaraba," in ji ta. "Ba ta ko tsalle, sai da na tausaya mata."

Na leƙa farantin, ashe farar ce ta soya. Na kira abokina, ya gama dariyarsa ya ce ba ta cutar da mutum. Kawu bai yi dariya ba, gonarsa yake tunani. Na ji kunya ƙwarai.

Washegari na koma Kankiya na karɓo wani kwandon. Wannan karon ta bayan gari na bi, na wuce gona na sake ta ban gaida kowa ba, abin da Gwaggo ba ta yafe mani ba har yau.

Gida

Na dawo lafiya, na gode wa Allah. Da kaka Kawu ya aiko mani da damin gero, an soke ƙullin soyayyiyar fara a ciki. Saƙon Gwaggo ne: wannan sai da ta je har Kunduru ta samo, saboda ta gonakinsu ta ƙare.